Karatun Lokacin Tatsar Yamma

Ina tsakiyar juya gurasa a kasko na ji muryar mijina ta sauya. Macen da ta tsufa da mutum a ɗaki ɗaya ba sai an gaya mata ba. Ajaib in yana karanta Littafin Guru muryarsa kwance take, kamar mai lallashin saniya, amma yanzu ta ɗaga tana sauri, yana kuma jefa wani ɗan tari a ƙarshen layi, irin wanda yake yi mini in na miƙe ƙafa ina hira a gidan mutane shi kuwa ya ƙosa mu tafi. Na sauke kaskon, na wanke hannu, na gyara mayafi, na leƙa falon Baba Tarlok.

Yana zaune inda ya kamata, ya tanƙwashe ƙafa a bayan Littafin, ƙarƙashin rumfar ƙyallen da muka ɗaura da safe. Gumi ya jiƙa gefen rawaninsa. Bakinsa bai tsaya ba, ba kuma shi da ikon tsayar da shi, amma da ya gan ni sai ya ɗaga ido ya kai agogon bango, ya dawo da shi kaina, ya sake kai shi ƙofa. Nan take na gane. Lokacinsa ya cika, tatsar shanu ta yamma da take jiran sa ta kawo jiki, wanda zai karɓe shi kuma bai zo ba. Na yi masa alama da hannu ya kwantar da hankalinsa, na fita ina tambayar kaina wane malalaci ne ya kwanta barcin rana ya manta da mutane.

Karatun na Baba Tarlok ne, maƙwabcinmu, wanda bango ɗaya ya raba mu da shi a jerin gidajen ma'aikatan gonar Ottavio, can bayan Cremona a Italiya. Asibiti sun sallamo shi ne ba don ya warke ba. Zuciya ta gaji, huhu ya tara ruwa, suka haɗo shi da tukunyar iska da robar hanci suka ce a kai shi gida. Abu ɗaya ya roƙa da aka kwantar da shi: a yi masa Akhand Path a gidansa tun kunnensa yana ji. Ya ce wanda ake yi bayan mutum ya tafi na masu cin gurasa ne, shi nasa yake so ya ji. Karatu ne daga shafin farko har na ƙarshe, kwana biyu dare da rana, mai karatu yana karɓar mai karatu, ba a yanke shi ko da na kurɓar ruwa. In ya yanke sai a koma farko, kuma duk wanda ya kalli fuskar Baba ya san ba shi da kwanakin komawa farko.

A waje zafin Yuli ya danne tsakar gida, ƙuda sun cika bango, masara a bayan shinge ko motsi ba ta yi. Na duba bakin ƙofa, babu sabon keke, babu mota a hanya. Takalman mutane ne kawai a jere, wayar Ajaib tana ta rawa a cikin nasa takalmin inda ya cusa ta. Daga rumfar shanu wata ta fara kuka, wata ta amsa mata. Shanun nan sun fi agogo sanin lokaci.

Na kira Bikkar, don shi ne mai babbar murya a gurdwara, gidan ibadarmu, shi ya raba wa maza lokutan karatun. Ya ɗauka ina jin injin tatsa yana bugawa a bayansa.

Na ce, "Yaya Bikkar, wa ka sa ya karɓi maigidana? Ga shi can yana karatu yana harara ta, shanu kuma sun fara kira."

Ya ce, "Wace irin tambaya ce wannan, Kulwant? Lokacin tatsar yamma ai na Baba Tar..."

Injin ya ci gaba da bugawa a kunnena, ni kuwa tun kafin ya rufe baki gabana ya faɗi.

Abin da ya faru ke nan. Ranar Lahadi bayan an ci abinci a gurdwara maza suka zauna a ƙasa da kofunan shayi, kowa ya ɗauki lokacin da ya saba. Giani, malamin gurdwarar, ya ɗauki karatun lokacin tatsar asuba kamar kullum. Tatsar yamma kuwa ba wanda ya ambace ta, don shekara da shekaru ba a taɓa ambaton ta ba. Baba Tarlok yana cikin mutanen farko da suka zo wannan kwari daga Punjab, ya tatsi shanun uban Ottavio har ranar da wata ta matse shi da ƙarfen turke ta karya masa ƙugu. Aka bar masa gidan, ya koma dogara sanda. Tun daga nan shi kaɗai ne mai rawanin da hannunsa yake a sake a lokacin da duk mazanmu suke durƙushe ƙarƙashin shanu. Aure ne, haihuwa ce, rasuwa ce, duk gidan da aka ɗora karatu, da shanu sun fara kuka za ka ga kekensa ya shigo, sanda ɗaure a baya. Ba a kiran sa, ba a gode masa sosai ma. Zai wanke hannu da ƙafa a famfo, ya zauna, maza su ruga. Da surukata ta rasu shi ya riƙe mana, da aka haifi jikana shi ya riƙe mana. Sai ga shi mun zauna mun shirya wa mutumin karatunsa na ban kwana, mun bar masa lokacinsa yana jiran sa.

Kunya ta kama ni, haushi kuma ya fi ta yawa. Na gaya wa Bikkar maza cike da ɗaki, gemu har ƙirji, an rasa mai kan da zai tuna cewa maras lafiya ba ya hawa keke. Bai musa ba. Ya ce shanunsa sun riga sun shiga layi, shi kaɗai ne a gonarsu, in ya saki injin ya taho to ya nemi wani aikin da wani gidan. Na san gaskiya ya faɗa, amma sai da na kashe wayar a kunnensa.

Na kira Giani. Ya buɗe mana karatun da safe ya wuce ɗaurin aure Brescia, ina jin ganguna a bayansa. Ya ce ko yanzu ya tashi, kafin ya iso an gama tatsa an wanke rumfa. Na kira wasu mata biyu da suka iya karatun, dukansu suna kamfanin shirya ganyen salak, inda ake kulle wayoyi a akwati sai an tashi. Na kira wani a ƙauyen gaba, matarsa ta ce yanzu ya zura takalmin roba ya fita. Ina kira ina zagaya tsakar gida, ina leƙa taga. Ajaib ya daina tarin, yanzu karatu kawai yake yi, hannunsa ɗaya yana murza gwiwa.

Ana haka Ottavio ya shigo da tsohuwar motarsa. Yana ganin takalma a ƙofa ya cire hularsa don girmamawa, kamar yadda yake yi duk lokacin da muke ibada, ni kuma na ce ya mayar da ita don a wurinmu rufe kai ake yi, kamar yadda nake yi duk lokacin. Mutum ne mai haƙuri, bayansa ya lalace, ɗansa ya gudu Milano ya bar shi da garke. Bai ɗaga murya ba. Ya ce hantsar shanun ta cika har madara tana ɗiga, in aka ƙara jinkiri wasu za su kamu da ciwon hantsa, tankar kamfanin cuku kuma ba ta jiran kowa. Na ce to ni zan je in tatsa, ai a ƙauyenmu na tatsi baunar gida tun ina yarinya. Ya dube ni da tausayi ya ce injin ba bauna ba ce, kuma in saniya ta ji baƙon hannu ta take ni, shi za a ɗaure. Ya ce Tarlok ne ya koya masa karɓar haihuwar maraƙi, ba zai so ya ɓata masa rana irin wannan ba, amma dabbobi ba su san addini ba. Ya tsaya nan bakin ƙofa yana murza makullin mota.

Sai Teji ta fito daga ɗakin mahaifinta. Ita kaɗai ya haifa, uwarta ta daɗe da rasuwa. Tana aiki a wani kantin magani a Cremona, ta aske gashinta tun tana makarantar sakandare, mayafin ma da ta ɗora ranar zamewa yake ta yi don bai saba da kan ba. Ba zan ɓoye ba, na daɗe ina jin haushin yarinyar nan, ko da yake tun da aka dawo da uban ba ta runtsa ba, ita take juya shi, ita take share shi. Ta ji duk wayoyin da na yi.

Ta kira ni yadda yaranmu suke kiran ƙanwar uwa, ta ce, "Masi, akwai karatun nan a waya, daga farko har ƙarshe, muryar ma ta fi ta Kawu daɗi. A kunna daga inda yake, ya tashi ya tafi. Wa zai sani?"

Na ce, "Wayar taki ta yi wanka? Ta rufe kai?"

"To ke ki zauna ki karanta mana, tunda kin fi kowa sanin ƙa'ida."

Maganar ta soke ni, don ta san sarai ban san ko baƙi ɗaya ba. Addu'o'ina duk da kunne na ɗauke su. Na ce mata ni ba a kai ni makaranta ba, amma ita na sha jin ubanta ta bango yana zaunar da ita yana nuna mata baƙaƙe da yatsa, har ranar da ta ce ita ba 'yar ƙauye ba ce ta tashi. Ta mayar mini da Italiyanci, wanda shi take yi in ranta ya ɓaci, ta ce tana 'yar shekara goma sha biyu aka yi wannan, kuma daga ranar bai sake ce mata ta zo ta zauna ba, ko sau ɗaya. Muna cikin wannan muka ji sanda tana bugun ƙasa daga cikin ɗaki.

Ɗakin yana warin man mustad da magani, fanka tana juya zafi kawai. Mun bar ƙofarsa a buɗe tun safe don karatun ya riƙa iso masa. Baba yana jingine da matashi uku, ya rame har munduwar ƙarfen hannunsa tana zamewa zuwa gwiwar hannu. Kafaɗunsa suna girgiza. Na ɗauka tari ne, ashe dariya yake yi.

Ya ce, "Shanu sun yi kira, ban ji keken kowa ba." Ya tsaya ya ja iska. "Kun bar mini lokacina ke nan. Madalla. Ai ban ce na ajiye ba."

Na fara ba shi haƙuri, ina cewa yanzu za a samo wani, ya ɗaga mini hannu. Ya ce wa Teji ta kawo ruwa a kwano da mataji. Ta tsaya ƙyam. Ta ce likita ya ce ko zama da kansa kada ya yi, zuciyar za ta iya tsayawa, kuma ita ba ta bar aikinta ta zo ta kwana a kujera don ta ɗauke shi da hannunta ta kai shi ga mutuwa ba.

Ya ce, "Likitan ya ce miki in na kwanta ba za ta tsaya ba?"

"Bapu, don Allah."

"Teji, karatun kowa bai taɓa yankewa a hannuna ba. Nawa ne zai yanke ina kwance ina ji? Ɗauko ruwan."

Ta dube ni tana neman in goya mata baya. Na kawar da kai. A raina tsoro ne fal, na san abin da take tsoro shi nake tsoro, amma na kuma san in muka ƙi, baƙin cikin zai kashe shi kafin ciwon. Ta fita, na ji tana buɗe famfo da ƙarfi kamar shi ya yi mata laifi.

Muka wanke masa fuska da hannu da ƙafa. Muka warware gashinsa, fari fat, ya yi siriri amma har yanzu yana kai masa ƙugu. Teji ta riƙe matajin tana taje shi a hankali. Rawanin kuwa ba ta iya ba, hannunsa kuma ba ya ɗaguwa, don haka ni na naɗa masa shuɗin nan da yake fita da shi. Shanu suna ta ƙara murya, ina jin Ajaib a falo makogwaronsa ya fara bushewa. Baba ya shafa kansa ya tambaye ni rawani na naɗa masa ko gammo. Na ce in bai yi masa ba ya tashi ya naɗa da kansa. Ya ce mijina yana da haƙuri.

Da muka zo ɗaga shi muka kasa. Mutum ya rame amma ƙashi yana nan. Na leƙa na kira Ottavio, wanda bai taɓa wuce dokin ƙofa ba in Littafin yana gida. Ya cire takalmi ba tare da na ce ba, ya dafa hularsa ya tabbatar tana nan, ya shigo. Muka ɗora Baba a kujerar kicin, ni da Ottavio muka kama, yana nishin bayansa, Teji tana jan tukunyar iska a bayanmu. Haka muka shiga falon.

Da Ajaib ya ɗago ya ga wanda muka kawo masa, muryarsa ta yi rawa, na ɗauka zai sarƙe. Na zare masa ido. Ya ci gaba, ya matsa gefe kaɗan. Muka sauke Baba a kan shimfiɗa kusa da shi, Teji ta durƙusa a bayansa ta jingina shi da ƙirjinta don ba zai iya zama da kansa ba, na sa masa tabarau. A wurinmu ba a cewa ga inda na tsaya. Mai karɓa yakan zauna ya saurara, ya nemo layin da ido, ya shiga da muryarsa a kan ta wancan, su tafi tare layi ɗaya ko biyu, sannan na farko ya janye. Baba ya ɗora yatsa a gefen shafin, ya ɗan bi, ya shiga. Murya biyu suka tafi tare, ɗaya a bushe, ɗaya siririya kamar zare. Sai ta Ajaib ta sauka ta ɓace. Ya kai goshi ƙasa, ya fita da baya, yana kaiwa ƙofa ya zura silifas ɗina ya bi Ottavio da gudu.

Na zauna a gefe, amma zama ya gagare ni. Idona yana kan jijiyar wuyan Baba, yana kan agogo, yana kan ƙofa. Muryar ba ta da ƙarfi, sai dai ko baƙi ɗaya ba ya tsallakewa, yana jan numfashi a daidai inda ake ja, kamar yadda na saba ji a gidajen mutane. Can injin tatsa ya tashi, kukan shanun ya fara raguwa ɗaya bayan ɗaya. Na ce a raina ko za mu kai. Sai na ji ƙaurin miyar wake da na bari a wuta, na tashi a guje na kashe, na tsaya a kicin na sake kiran matan kamfanin salak, ko da na san ba za su ɗauka ba. Daga kicin ba na jin muryarsa sam. Na dawo da sauri.

Yana karatu, amma sai ka matso za ka ji. Tsakanin kalma da kalma ya fara nisa. Leɓensa ya yi duhu. Teji ta ƙara masa iskar, ta sa baki a kunnensa tana roƙon sa ya bari. Bai da bakin amsa mata, don bakin yana kan aiki. Sai ya lalubo hannunta da ya tallafe masa ciki, ya ja shi a hankali, ya ɗora yatsarta a gefen layin, tasa a kan tata.

Ta girgiza kai. Ta raɗa masa, "Bapu, na manta. Na rantse na manta."

Ya danna yatsar. Ta ɗago ta dube ni, idonta cike da tsoro, ta koma 'yar yarinyar da nake gani da jakar makaranta. Ban san me fuskata ta gaya mata ba. Na dai miƙa hannu na jawo mata mayafin da ya zame na rufe mata kai sosai.

Ta shiga. Da farko ba karatu take yi ba, bin bakinsa take yi, yana faɗa tana maimaitawa a baya kaɗan. Daga nan ta fara gane baƙaƙen, tana ɗaukar su ɗai-ɗai kamar mai tsallake rafi a kan duwatsu. Harshenta na Italiya yana lanƙwasa kalmomin, in a wata rana ce da na yi tsaki. Baba ya rage murya ya bar ta a gaba. In ta yi kuskure sai ya sake faɗin kalmar daidai, ita ma ta sake, su wuce. Bai yi mata faɗa ba, bai yi sauri ba. A hankali ya daina bin ta gaba ɗaya, sai gyaran kawai. Ta yi shafi, ta juya, ta yi wani. Gumi yana bin wuyanta. Gyaran yana zuwa, kalma ɗaya nan, kalma ɗaya can, da ƙyar ake ji.

Suka iso wani wuri da na sani, don ana rera shi a gurdwara kusan kowace Lahadi. Na ji ta gajarta wata kalma da ake ja. Ni da ban san baƙi ba ma na ji kuskuren. Na jira gyaran. Ita ma ta jira, tana jan ƙarshen kalmar don kada shiru ya shiga. Gyara bai zo ba.

Ta koma ta faɗi kalmar daidai da kanta, ta wuce layi na gaba.

Kansa ya riga ya kwanta a kafaɗarta, tabarau ya karkace. Na rarrafa na zo, na sa hannu ƙarƙashin hammatarsa na janye nauyinsa daga jikinta. Yatsarsa tana nan a kan tata, sai da na ɗaga hannun na cire don ta samu ta juya shafi. Na kwantar da shi a gefe, kansa a cinyata, na rufe masa ido, na zare robar hancin, na murɗe tukunyar iska ta daina huci. Ni mace ce mai kuka da murya, duk unguwa an san ni, kuma ranar ihu ya taso mini har wuya. Amma a gaban Littafin ba a yi, Baba ma ya sha tsawata wa mata a kan haka. Na riƙa ambaton Waheguru, sunan Ubangiji a wurinmu, a ƙasan numfashi, ina cije gefen mayafina.

Teji ba ta waiwayo ba ko sau ɗaya. Ta san abin da yake bayanta, jikinta ne ya fara ji kafin ni. Muryarta ta karye, ta ɗaure ta, ta sake karyewa, amma ba ta bar shiru ya faɗo tsakanin layi biyu ba. Hawaye suna zubo mata sai ta karkatar da fuska gefe don kada su ɗiga a shafin, ni kuma na miƙa hannu ina share mata haɓa. Ba mai gyara mata yanzu. In ta sarƙe sai ta koma ta sake, ta sake, har ta ji ya zauna. Ban taɓa jin karatu mai jinkiri kamar wannan ba, ban kuma taɓa tsoron kada karatu ya tsaya kamar ranar ba. Haka muka zauna mu uku, rana tana sauka a jikin labule, injin yana bugawa can nesa.

Injin ya mutu. Tankar madara ta shigo ta fita. Na ji famfon tsakar gida yana zuba, sannan Ajaib ya shigo da Bikkar, sun yi wanka sun sake kaya, gemunsu yana ɗigar ruwa. Suka tsaya a ƙofa suka ga abin da yake ciki. Bikkar mai babbar murya ya toshe bakinsa da hannu. Ajaib ne ya tura shi gaba. Ya kai goshi ƙasa, ya zauna kusa da Teji, ya nemo layin, ya shiga. Suka tafi tare layi ɗaya, biyu, inda ya kamata ta janye. Ba ta janye ba. Sai da suka kai ƙarshen shafin tare, sannan muryarta ta sauka.

Ƙafafunta sun mutu, ta kasa tashi. Ta ja jiki ta zo inda nake, ta daɗe tana kallon fuskar uban. Ta cire masa tabarau ta ninke. Sannan ta sa hannu biyu ta daidaita rawanin da na naɗa a karkace, ta tura wani farin gashi da ya leƙo ta mayar ciki.

Masu ɗaukar gawa suka zo kafin duhu suka tafi da shi, aka ce ƙona gawar da al'adarmu ta tanada sai an gama takardu. Karatun bai tsaya ba, don Giani ya ce wanda aka fara wa mai rai shi za a ƙarasa wa mamaci. Gida ya cika da mutane, na murza gurasa har hannuna ya kumbura. Washegari tun da hantsi maza suka hau gardamar wanda zai riƙe karatun lokacin tatsar yamma, kowa yana so ya wanke kunyarsa. Bikkar ya ce ya samo wani ɗan'uwansa daga Mantova, yana hanya.

Da rana ta karkata saniya ta farko ta yi kuka. Na leƙa ta tagar kicin ko zan ga motar mutumin Mantova, sai na ga Teji a bakin famfo, ta naɗe ƙafar wando tana wanke ƙafafu, ta ɗaure mayafi tam a ƙarƙashin haɓa. Ba wanda ya kira ta. Ta goge hannu, ta ajiye takalmanta a bakin ƙofa kusa da sandar uban da ba wanda ya ɗauke, ta shiga. Jim kaɗan na ji murya biyu ta bango, sannan ɗaya, a hankali, tana tuntuɓe tana tashi. Ajaib ya fito ya zauna a dakali, ya zura nasa takalmin, ya nufi rumfar shanu yana tafiya ba gudu ba. Na mayar da kaskon kan wuta.